Dokin Sukuwa da Jakin Dako: Yadda Babur Mai Ƙafa Huɗu Ya Rabu Gida Biyu

Maƙalar wannan makon ta tarihi ce, tarihin wani abin hawa da yawancinmu muka fara gani a fim kafin mu gan shi ido da ido. Muna nufin babur mai ƙafa huɗu, mai tayoyi ɓul-ɓul, wanda a ƙasashen Turawa ake kira ATV ko kwad. An ƙera shi ne don ya ratsa inda babu hanya, ko rairayi ne, ko taɓo, ko duwatsu, ko dusar ƙanƙara.

Duk inda masu wannan babur suka taru, akwai gardamar da ba ta ƙarewa. Wasu sun ce na tsere shi ne babur, sauran duk amalanke ne. Wasu sun ce na aiki shi ne abin saye, na tsere kayan ɓarnar kuɗi ne. Idan gardamar ta yi tsami, takan koma kan tambaya biyu: wanne ya fi daɗin hawa, wanne kuma ya fi ƙarko? Mu a ganinmu amsar tana cikin tarihinsu. Uwa ɗaya ta haife su, shekarun da suka raba gari kuma sanannu ne. Wanda ya bi labarin daga tushe zai tarar kowane ɓangare da abin da yake nufi idan ya ce "ƙarko", shi ya sa suke ta magana ba sa jin juna.

Kukan dillalai

A shekarun 1960 an riga an sami wasu ƙananan motoci masu taya shida a Kanada da Amurka, masu siffar kwale-kwale, da ke tafiya a tudu su kuma yi iyo a ruwa. Jiger da Amphi-Cat na cikinsu, kuma su aka fara kira ATV. Amma babur ɗin da muke magana a kansa daga wani waje ya fito.

A 1967 reshen kamfanin Honda da ke Amurka ya kai kuka Japan. Da zarar hunturu ya shigo, dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyi, sai cinikin babur ya tsaya cak, dillalai su yi ta zaman jiran bazara. Suna neman abin da za su riƙa sayarwa a waɗannan watanni. Aka ɗora wa wani injiniya mai suna Osamu Takeuchi wannan aiki. Ya gwada ƙafa biyu, ya gwada uku, huɗu, biyar har shida, daga ƙarshe ya tsaya a kan uku: ɗaya a gaba, biyu a baya. Dabarar manyan tayoyi masu ƙarancin iska kuwa daga Amphi-Cat ya samo ta.

A 1970 abin ya shiga kasuwa da sunan US90, daga baya aka mai da shi ATC90. Injinsa cc 89 ne, ƙarfin doki 7, farashinsa dala 595. Ba shi da shakazoba ko ɗaya, tayoyin nan masu laushi su ne ke shanye gargadar hanya. Kada jin "ƙafa uku" ya kai hankalinmu ga adaidaita-sahu. Yawan tayoyi kawai ya haɗa su. Wannan ba shi da rumfa, ba shi da wurin fasinja, kuma ba don kwalta aka yi shi ba.

Abin wasa ne aka ɗauke shi da farko. A 1971 ya fito a fim ɗin James Bond mai suna Diamonds Are Forever, inda aka yi ta kora da shi a hamadar Nevada, sai samari suka ƙyasa. Amma akwai wasu masu saye da ba a yi lissafi da su ba, wato manoma da makiyaya. Sun lura cewa wannan ɗan abu yana ratsa gona bayan ruwan sama ba tare da ya nutse ko ya danne ƙasa kamar tarakta ba. Da rikicin man fetur na 1973 ya sa mai ya yi tsada, tayar da tarakta ko a-kori-kura don kawai a je duba shinge ko a zagaya garke ya zama asara. Manomi sai ya ɗaura akwati a bayan ATC ɗinsa, ya ɗora buhun abincin dabbobi, ya kama hanya.

Ka ga ke nan tun a shekaru goman farko mutum biyu ne ke hawa babur ɗaya. Ɗaya yana so ya tashi sama daga kan tudun rairayi, ɗaya yana so ya kai kaya ƙarshen gona ya dawo kafin magariba. Babur ɗin kuwa bai gamsar da ko ɗayansu sosai ba.

Shekarun rabuwa

Honda ce ta fara raba musu gado. A 1981 ta fitar da ATC250R, mai inji cc 248 irin mai bugu biyu, wato irin injin nan da ke ƙona fetur haɗe da baƙin mai, kamar baburan acaɓa masu hayaƙi da muka sani a shekarun baya. An sa masa shakazoba gaba da baya, da kuloci na hannu, da giya biyar, da birkin faifai a gaba. Ba a bar masa wurin ɗaura ko ƙullin goro ba. Wannan shi ne kakan duk baburan tsere na wannan dangi.

Shekara ɗaya bayan haka, a 1982, kamfanin ya fitar da ATC200E, wanda aka yi wa laƙabi da Big Red. Injinsa cc 192 ne mai bugu huɗu, ana tayar da shi da maɓalli, yana da kariya gaba da baya, da ƙaramar giya ta musamman don jan nauyi. A 1984 aka ƙara masa ribas, aka kuma cire sarƙa aka sa sandar ƙarfe a rufe cikin kwanso wadda ke kai juyin inji ga tayoyin baya. Wannan canji ƙarami ne a ido, amma babba ne ga manomi. Sarƙa tana son wanki da mai da ɗauri, taɓo da yashi kuma suna cinye ta. Sandar da ke rufe ba ruwanta da wannan duka.

Daga 1981 da 1982 ɗin nan dokin sukuwa da jakin dako suka kama hanya daban-daban. Abin da ya biyo baya ƙari ne a kan wannan tushe.

Ƙafa ta huɗu daga Suzuki ta zo. A 1982 ta gabatar da QuadRunner LT125, ƙaramin babur mai sauƙin hawa, wanda ake ɗauka shi ne na farko mai ƙafa huɗu da aka ƙera da yawa don kasuwa. A 1985 ta ƙara da LT250R, na tsere na farko mai ƙafa huɗu. A wannan shekarar ce Polaris, kamfanin Amurka da ya yi suna wajen ƙera abin hawan dusar ƙanƙara, ya shigo da babur mai canja giya da kansa ta hanyar bel. A 1986 Honda ta jefa tsuntsu biyu: TRX250R ga masu tsere, da FourTrax 350 4x4 ga masu aiki, wanda duka tayoyinsa huɗu ke ja. A 1987 Suzuki ta fito da LT500R da ake wa kirari da Quadzilla, Yamaha kuma ta fito da Banshee, mai silinda biyu, cc 347, wanda aka samo injinsa daga babur ɗin kwalta. Banshee ya zama sarkin tuddan rairayi irin na Glamis a California, an kuma ci gaba da sayar da shi a Amurka har 2006.

Ranar ƙin dillanci

Ana cikin wannan cin kasuwa asibitocin Amurka suna ta karɓar waɗanda suka karye da waɗanda suka mutu, yara da yawa a cikinsu. Dalilin yana cikin ƙirar abin. Tayoyin baya biyu a kan sandar ƙarfe ɗaya suke, tare suke juyawa ba wadda ke riga wata. A kwana kuwa dole tayar waje ta yi tafiya mai nisa fiye da ta ciki. Tunda ba za su iya bambanta gudu ba, sai babur ya riƙa neman miƙewa gaba, sai fa idan mahayi ya san yadda zai karkata jikinsa ya rage wa tayar ciki nauyi ta ɗan zame. Wanda bai sani ba, ga kuma taya ɗaya tal a gaba, sai ya ji abin ya kife da shi. Iyaye da yawa sun ga tayoyi uku masu faɗi suka ɗauka ya fi keke aminci, suka miƙa wa yaro makulli.

Hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka, CPSC, ta bi ta hannun ma'aikatar shari'a ta kai manyan kamfanonin gaban kotu. A watan Afrilu na 1988 aka kammala yarjejeniya ta shekara goma da Honda da Yamaha da Suzuki da Kawasaki da Polaris. Suka amince su daina sayar da sababbin masu ƙafa uku, su ba masu saye horo, su manna gargaɗi a jikin babur, kuma kada a sayar da mai inji fiye da cc 90 don yaron da bai kai shekara 16 ba. Yarjejeniyar ta ƙare a 1998, amma manyan kamfanonin ba su koma ga ƙafa uku ba, sannan wata doka ta 2008 ta rufe ƙofar.

Wannan hukunci ya faɗa wa gidajen biyu daban. Gidan tsere ya yi sanyi. Honda ta daina TRX250R bayan 1989, Suzuki ta ajiye Quadzilla a 1990, LT250R kuma a 1992. Yamaha kuwa ta ci gaba da Banshee da Blaster da Warrior, masu tsere na gaske kuma suka koma farautar tsofaffin 250R suna sake gina su. Gidan aiki kuwa sai ya bunƙasa. FourTrax 300, wanda Honda ta ƙera daga 1988 zuwa 2000, iska ce ke sanyaya injinsa, babu lagireto balle ya yi yoyo, kuma har yau idan ana misalin babur mai ran ƙarfe shi ake fara ambata. A 1996 Polaris ta kawo Sportsman 500, wanda kowace tayarsa ta baya ke da nata shakazoba tana hawa da sauka ita kaɗai, abin da ya rage wa mahayi jijjiga matuƙa. A 1998 Yamaha ta kawo Grizzly 600.

Gidan tsere ya sake farfaɗowa a 1999 da Honda 400EX, wannan karon da inji mai bugu huɗu. Raptor 660 na Yamaha ya biyo a 2001, YFZ450 da Honda TRX450R a 2004, Raptor 700 da Suzuki LT-R450 a 2006. Zuwa 2008 Kawasaki da KTM da Can-Am duk sun shigo fili. Sai tattalin arzikin duniya ya karye a wannan shekarar. Manomi zai iya jinkirta sayen babur amma dole wata rana ya saya, domin kayan aikinsa ne. Saurayin da ke so don nishaɗi kuwa haƙura ya yi. Ɗaya bayan ɗaya kamfanoni suka nannaɗe tabarmarsu, har ya zama a cikin manyan kamfanonin Japan Yamaha ce kaɗai ta ci gaba da ƙera manyan baburan tsere.

Zuciya ɗaya, hali biyu

Don mu ga bambancin hawa ƙuru-ƙuru, mu ɗauki babura biyu na gida ɗaya. Raptor 700 na 2006 da Grizzly 700 na 2007 duka na Yamaha ne, duka injinsu silinda ɗaya ne mai cc 686. Girman zuciyarsu ɗaya, amma wanda ya hau su zai rantse ba su haɗa dangi ba.

Raptor bai kai kilo 200 ba. Tayoyin baya kaɗai ke ja, ta hanyar sarƙa. Kuloci yana hannun hagu, giya tana ƙafa, kamar babur ɗin da muka sani. Cikinsa ya yi kusa da ƙasa, sirdinsa siriri ne kuma dogo, an yi shi haka ne don mahayi ya sami filin zamewa gaba da baya. A kan irin wannan babur mutum ba ya zama ya huta. A hawan tudu ya jefa jikinsa gaba, a gangara ya ja baya, a kwana ya rataya gefe, a gargada ya miƙe tsaye gwiwoyinsa su zama ƙarin shakazoba. Wanda ya taɓa ganin ɗan sukuwa a kan doki ya san wannan zama. Rabin tuƙin da jiki ake yi, bayan awa ɗaya kuma damatsa da cinyoyi za su ba da labari.

Grizzly ya doshi kilo 300. Da maɓalli ake sa tayoyi huɗu su ja, giyarsa da kanta take canjawa, yana da ƙaramar giya ta jan nauyi, cikinsa ya yi nisa da ƙasa don kada kututture ko dutse ya taɓa shi. Yana da kariya gaba da baya da wurin maƙala tirela. Samfurin 2007 yana cikin na farko da aka sa wa lantarki mai taimaka wa hannu wajen juya kan babur. Mahayinsa zaune yake daram, babban yatsa a kan totur, hankalinsa a kan shanu ko shinge ko hanyar daji. Zai iya wuni a kai ya sauka ya ci gaba da wani aikin.

A kai su rairayi mai faɗi, Raptor zai bar Grizzly a baya yana haƙilo. A kai su fadama bayan ruwan sama, Raptor zai zauna a kan cikinsa tayoyin baya suna ta feshin taɓo, Grizzly ya zo ya ja shi da igiya. Tambayar wanda ya fi daɗi ba ta da amsa sai an faɗi ƙasar da za a taka da kuma abin da aka fita nema.

Ƙarko iri biyu

Nan ne gardamar ta fi zafi. Masu na aiki sukan ce nasu ya fi ƙarko, kuma suna da hujja. Injin aiki ba a matsa masa. Yana juyawa a hankali, yana fitar da ƙarfin da bai kai iyakar abin da zai iya ba, don haka fistin da ringi suna daɗewa. Injin tsere irin na ajin 450 an tatse shi ne har ƙarshe. Yana juyawa da sauri ƙwarai, baƙin man da ke cikinsa kaɗan ne, kuma da awoyi ake lissafin lokacin canza masa mai da duba shi. Masu bugu biyu irin su Banshee kuwa buɗe kan inji a sake fistin da ringi al'ada ce a wurinsu, kamar yadda mai doki ya san dole a yi wa kofato gyara.

Amma masu na tsere ma suna da shaida babba, wato gasar Dakar. Wannan ita ce gasar da Bafaranshe Thierry Sabine ya kafa, wadda ta fara tashi daga Paris a ƙarshen Disamba 1978, kuma shekaru da dama tana ratsa Agadas da hamadar Tenere a Nijar. An soke ta a 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, ta koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020. Daga 2009 aka ware wa masu ƙafa huɗu ajinsu, kuma har zuwa 2024, shekarar ƙarshe da aka yi ajin, baburan Yamaha ne suka lashe kowane karo, akasari Raptor 700. Wa da ƙani 'yan Ajantina, Alejandro da Marcos Patronelli, sun ci sau biyar a tsakaninsu. Ignacio Casale ɗan Chile ya ci sau uku, a 2014 da 2018 da 2020. Babur ɗin da ya yi mako biyu yana cin dubban kilomitoci a rairayi da duwatsu, wa zai ce ba shi da ƙarko?

Sai dai mu tambayi abin da ke faruwa da dare a sansanin Dakar. Mahayi na isowa bakanikai za su karɓi babur, su zubar da mai, su sake matatar iska, su duba sarƙa da tayoyi da kowane kusa. Da asuba ya fito kamar sabo. Ƙarkonsa shi ne ya jure azaba mai tsanani na yini guda, bisa sharaɗin za a yi masa hidima kafin gobe. FourTrax 300 da ke gonar wani makiyayi ba ya ganin irin wannan gata. A rumfa yake kwana, a tayar da shi cikin sanyi, a loda masa kaya, a manta da canjin mai har sai an tuna, ya kuma yi shekaru a haka. Nasa ƙarkon shi ne jure sakaci. A ba shi aikin Raptor, ba zai kai ko'ina ba. A yi wa babur ɗin tsere irin wannan riƙo, ba zai daɗe ba.

Akwai kuma abin da tarihin ya juya wanda masu gardama ba su cika lura da shi ba. Baburan aiki na farko sun yi suna ne saboda sauƙin ƙirarsu. Na yau sun tara kaya: bel ɗin giya da ke zamewa idan ruwa ya shiga ko ya ƙone idan an ja nauyi da babbar giya, gaɓoɓin ƙafa masu rigar roba da ƙaya ke yagawa yashi ya shiga, lagireto da taɓo ke toshewa, da wayoyin lantarki birjik. Kowane ƙarin jin daɗi ya zo da ƙarin abin da zai iya lalacewa. A ɗaya gefen, baburan tsere masu matsakaicin ƙarfi irin su Warrior 350 da 400EX iska ke sanyaya su, sarƙa ɗaya ce, tayoyi biyu ke ja, duk bakaniken babur zai gane cikinsu. Sau da yawa irin waɗannan sun fi wani babban babur ɗin aiki na zamani saukin riƙo. Ashe sunan gida ba ya ba da tabbacin komai. Abin dubawa shi ne yawan matsin da aka yi wa inji, da yawan sassan da ke jikinsa, da hannun da ke riƙe da shi.

Jaki ma yana kisa

Da yake na tsere shi ne mai gudu da ƙara, mutane sukan ɗauka shi kaɗai ne mai haɗari. Ostareliya ta koyi akasin haka. A can babur ɗin aiki ya daɗe yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mutane a gonaki, kuma sau da yawa ba gudu ake yi ba. Manomi ne ke tafiya a hankali a gefen tudu, tankin feshi a bayansa, ruwan ciki ya karkata gefe ɗaya, taya ta hau dutse, babur ya kife. Kilo 300 a kan ƙirjin mutum shi kaɗai a daji, ko bai karye ba numfashi zai gagare shi. Nauyin da ya ba babur ɗin ƙarfin aiki shi ne ya zama ajali.

A 2019 gwamnatin ƙasar ta kafa ƙa'ida, wadda daga Oktoba 2021 ta wajabta wa sababbin baburan aiki wani ƙarfe da ke tsaye a baya, don idan babur ya kife ya bar wa mahayi sarari a ƙarƙashinsa. Honda da Yamaha sun ƙi amincewa da wannan dabara, suka zaɓi su daina sayar da baburan aikinsu a ƙasar. Manoma da yawa suka koma ga wani ɗan uwan, wato ƙaramar mota mai sitiyari da kujeru biyu a jere da keji na ƙarfe. Ita ma tarihinta maimaici ne. Kawasaki Mule ta fito a 1988 don aikin gona, Yamaha Rhino ta zo a 2004 tana haɗa aiki da wasa, sai Polaris RZR a 2007 don gudu zalla. An sake raba gado kamar yadda aka yi a 1981 da 1982.

Abin da ya shafe mu

Waɗannan babura sun fara bayyana jefi-jefi a garuruwanmu, yawanci na hannu da aka shigo da su, wasu a manyan gonaki, wasu a hannun samari ranar biki. Kuskuren da aka yi a Amurka shekaru arba'in da suka wuce yana nan yana jiranmu. Tayoyin nan don ƙasa mai laushi aka yi su. A kan kwalta suna kama hanya fiye da kima, a kwana maimakon su zame sai babur ya ɗaga ƙafa ya kife, shi ya sa kamfanonin da kansu suke rubuta a jikinsa cewa kada a hau da shi kan titi. Dogon sirdin nan na motsin mahayi ne, goyo yana hana shi karkata jiki a lokacin da ransa ya dogara a kan hakan. Hular kwano dole ce. Yaro kuwa, komai naci da kukansa, babur ɗin manya ya fi ƙarfinsa.

Wanda kuma ke shirin saye, kafin ya tambayi wanne ya fi ƙarko, ya fara amsa wasu tambayoyin. Wace ƙasa zai taka, rairayi ko fadama? Kaya zai ɗauka ko kansa kawai? Idan bel ya tsinke ko robar ƙafa ta yage, a ina zai sami wata, kuma wane bakanike ne a garinsu ya taɓa buɗe irinsa? Shi kansa mai canza mai a kan lokaci ne, ko sai inji ya fara kuka? Hausawa sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mai neman sukuwa ya shirya ciyar da doki da wanke shi kullum. Mai neman dako ya nemi mafi sauƙin ƙira da zai samu, ya kuma tuna cewa a gefen tudu da kaya a baya ba a yi masa gaggawa.